An Biya Wa Tanka Kuɗin Hanya, An Bar Murhu Da Fitila A Tasha

Duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi, ko a Agege yake ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko bakin gadar Anacha, ya san yadda saƙon gida ya sake kama tun daga tsakiyar shekarar 1923 ta Miladiyya da aka ƙara wa ɗari, wato 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur. A da, in an aiko daga gida, maganar hatsi ce da kuɗin makarantar yara da ɗinkin salla. Yanzu kuwa an ƙara da kuɗin gawayi, da na cika tukunyar gas, sa'an nan a ce don Allah in da hali a sayo faifan sola da batir da fanka mai caji, domin tsofaffi ba sa iya barci. Wanda iyayensa ke Mbamoi, cikin tsohon garin Yola, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, gama ya san zafin watan Maris da Afrilu a can, sa'ad da ma'auni ke haura 40, ga wuta sai ta ga dama.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa waɗannan kayayyaki masu rage cin mai da wuta da itace suke da tsada haka a Yola da Jimeta, mai kyansu ya yi wuyar samu, jabu ya cika kasuwa, in kuma sun lalace a rasa mai gyara? Ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Murhu mai tattalin itace, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Sakkwato ta daɗe da ƙera irinsa. Ƙwan lantarki mai cin wuta kaɗan ya shekara da shekaru a duniya. Amsar tana wurin da gwamnatocin ƙasar nan suka yi ta zuba kuɗin tallafi, tun zamanin soja har zuwa na farar hula, da kuma wurin da suka ƙi zubawa.

Sai a fara da hanya, tun da Yola garin ƙarshen hanya ne. A zamanin Turawa kayan kanti ta kogin Binuwai suke zuwa, jiragen ruwa su hawo da damina in kogi ya cika, su sauke gishiri da yadi da garewanin kananzir a Jimeta, su kwashi gyaɗa da fata. Yau komai a mota yake. Faifan sola ko risho ko ƙwan lantarki, daga Sin yake tasowa, ya sauka a Apapa ko Tin Can ko Onne, a biya kwastan, babban dila ya saye ya kai Alaba ko kasuwar Anacha, ɗan kasuwar Jimeta ya je ya saro. Daga nan sai tafiyar fiye da kilomita dubu, ko ta Lakwaja da Jos da Gombe da Numan, ko ta Makurɗi da Wukari da Jalingo, ga shingaye, ga ramuka, ga shi kayan gilashi ne mai fashewa. Da gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari zuwa Jalingo ta karye a 2024, masu bin wannan hanya sun ji a jikinsu. Motar da ke ɗauko kayan kuma man gas take sha, wanda aka daɗe da cire wa tallafi, wanda kuma a 2022 kaɗai ya tashi daga wajen naira 300 lita zuwa sama da 700. Kowane kwabo na wannan ɗawainiya a kan mai saye na Mbamoi yake faɗawa, har da kuɗin Keke daga Jimeta zuwa Yola.

To, a wannan hanya ɗin dai, akwai wani fasinja da gwamnati ta yi kusan shekara hamsin tana biya wa kuɗin mota. A 1973 aka tsayar da cewa farashin fetur ya zama ɗaya ko'ina a Nijeriya. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda aikinsa shi ne ya biya 'yan kasuwa kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, don kada mutumin Yola ko Maiduguri ya saya da tsada fiye da na Ikko. Niyyar mai kyau ce, kuma Arewa ta ci moriyarta, ba mai musu. Amma a duba sakamakon. Tankar mai ta taso daga Apapa hukuma ta biya mata hanya, man da ke ciki kuma an riga an rage masa kuɗi tun daga tushe, alhali tirelar da ke bayanta ɗauke da kayan da za su rage wa jama'a shan wannan mai, ita ke biya wa kanta komai. A 2022 kamfanin mai na ƙasa ya ce tallafin fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4 a shekara guda. Babu wata shekara a tarihin ƙasar nan da murhu ko fitila ko famfon ban-ruwa mai aiki da rana suka ga ko ƙurar irin wannan kuɗi.

Ɗan kasuwa ba wawa ba ne, abin da ake nema shi yake sarowa. Muddin lita tana ƙasa da naira 200, mai shagon aski da tela da mai cajin waya ƙaramar janareta za su saya, su riƙa zuba mata mai kullum da ɗan abin da suka samu, ba su tara dubban ɗaruruwa su sa sola ba. Haka manomin rani na fadamar Geriyo da bakin Binuwai, injin ban-ruwa mai shan fetur ya fi masa. A ce yana ƙona lita 5 a wuni: a kan naira 195 bai cika naira dubu ba, abin da zai iya ɗauka ne. Saboda haka sana'o'in da suka tsiro a Jimeta na janareta ne, masu sayarwa, masu kayan gyara, makanikai, 'yan bumburutu. Yaro ya tashi ya koyi kwance kafireta tun yana shekara goma. Wanda zai koyi auna batir da haɗa sola kuwa ba shi da ubangidan da zai koya masa, domin ba ciniki. Kasuwa kamar rijiya ce, ba a haƙa ta ranar da aka ji ƙishirwa, shi ya sa da fetur ya haura naira dubu a ƙarshen 2024, lita 5 ɗin nan ta koma naira dubu biyar, manomi ya juyo yana neman famfon sola, sai ya tarar ba dilan da ya ƙware, ba mai ba da bashi, ba mai gyara.

Wani abin haushin kuma, man da aka yi wa rangwamen ba duka ne ya tsaya a Adamawa ba. Jihar na da doguwar iyaka da Kamaru, kuma kowa ya san jarkokin da suka riƙa bi ta Mubi da Belel da Gurin da kan ruwa zuwa Garwa, inda farashi ya ninka. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, talakan bakin iyaka ya sha wuya, sumoga kuwa ba ta tsaya ba. Ko bayan janye tallafin ma rigimar ba ta mutu ba, don a watan Yunin 2024 dillalan mai na Adamawa da Taraba sun rufe gidajen mai kusan dubu biyu saboda kamen da kwastan ke yi wa tankokinsu. Jarin da ya shiga wannan harka, da motocin, da samarin, duk ƙarfi ne da ya kamata wata sana'a ta samu. Wa zai ɗaure kuɗinsa wata uku a kan kayan sola, alhali jarka na juya masa kuɗi cikin dare ɗaya?

Maganar kananzir ta fi wannan muni, kuma mata ne suka biya. Shekara da shekaru farashin hukuma naira 50 ne lita. Sai a tambayi kowace uwar gida a Mbamoi ko a Mushin sau nawa ta taɓa saye a haka. Sai dai in an ji labarin wani gidan mai na gwamnati ya samu, a yi layin jarkoki tun asuba, yawancin mutane kuma su ƙare wurin 'yan kwalba a ninki biyu ko uku. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umarnin cire wannan tallafi a 2009, amma aka ci gaba da cire kuɗinsa daga asusun ƙasa, kamar yadda Sanusi Lamiɗo Sanusi ya fallasa a gaban Majalisar Dattawa a 2014 yana gwamnan Babban Banki. Sai a Janairun 2016 aka soke shi. Kananzir ɗin da aka yi wa talaka rangwame, wani ya bi ta man jirgin sama, wani aka gauraya da man gas, wani ya ƙetare iyaka. An ba kura ajiyar nama. Illar da ba a cika faɗa ba ita ce wadda ya yi wa gas ɗin girki. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta fito da shirin mai da jama'a kan gas, aka gina rumbunan ajiyarsa a garuruwa irin su Kano da Gusau da Gombe da Makurɗi, amma da matatun mai suka durƙushe sai rumbunan suka zauna wayam. Mai kuɗin da zai kafa wurin cika tukunya a Yola yana duban takarda ya ga abokin gasarsa naira 50 ne, sai ya janye. A takarda kananzir ya yi araha har ya kori gas, a kasuwa kuma ya yi tsada har ya kori mata zuwa ga itace. Masu shekaru na tune da kurfotin da aka raɗa wa sunan Abacha a shekarun 1990, wanda rashin kananzir ya haifa.

Da gwamnati ta tashi tunawa da murhu, sai ta bi ta hanyar da ta saba, wato kwangila. A Nuwamban 2014, ana saura 'yan watanni zaɓe, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 da jakunkunan ƙarasa girki 18,000, a raba wa matan karkara kyauta. In an raba lissafi, kowane ɗaya ya tashi kusan naira dubu 12 a kuɗin wancan lokaci. Kamfani ɗaya aka ba, daga waje kuma za a shigo da kayan. An biya ɗan kwangila naira biliyan 1.3 na somin-taɓi, gwamnati ta sauya, magana ta koma rigima tsakaninsa da Ma'aikatar Muhalli, matan karkara kuwa suna nan da murhunsu na duwatsu uku.

A nan ya kamata a tsaya a yi nazari, domin ko da a ce an kawo murhun duka an raba, da an yi ɓarna ta wani fanni. Mai ƙera murhu a Kaduna ko maƙerin Jimeta da ke naɗa kurfoti da tsohuwar ganga, ranar da rediyo ta ce gwamnati za ta raba murhu kyauta, ranar cinikinsa ke tsayawa. Mai niyyar saye sai ta ce bari ta jira na gwamnati. Dila ya ƙi sarowa don kada kaya su kwana masa. In kayan kyautar sun zo, a hannun 'yan siyasa suke sauka, su ba nasu, waɗanda aka ba kuma da yawa su kai kasuwa su karyar a rabin kuɗi, farashi ya lalace. Bayan shekara ɗaya murhun ya fashe ko wani ƙarfe ya ci, ba wanda ke da kayan gyaransa, gama ba wanda ya san masana'antar da ta yi shi. Ɗan kasuwar da zai kawo wani kuwa ya riga ya koma sayar da bokiti. Duk wanda ya ga fitilun titi masu sola da 'yan majalisa ke kafawa a matsayin aikin mazaɓa, su yi haske wata shida su mutu a bar sanduna tsaye, ya ga wannan cuta da idonsa.

Akwai wata hanya da aka gwada a Arewa ɗin nan, ba tare da ganga da algaita ba. Wata ƙungiya a Kaduna mai suna DARE, tare da abokan aikinta na Jamus, ta riƙa haɗa murhun ƙarfe da ake kira Save80, wanda aka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari. Tun wajen 2009 aka yi wa shirin rajista a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan kuɗi a kan rage hayaƙi, da wannan kuɗi ake sauko da farashi, amma mace saye take yi, wani lokaci a biya kaɗan-kaɗan. Daga baya kamfanin atmosfair ya kafa masana'antar murhun a Kano. Abin da mutum ya saya da guminsa yana lura da shi, mai sayarwa kuma yana da dalilin komowa, tun da ba a biyansa kuɗin hayaƙin sai an tabbatar murhun na aiki a gidan. Murhun bai kai ko'ina ba, har yanzu ya fi ƙarfin mafi yawan talakawa, amma ya bar matasa da suka iya yanka ƙarfe da haɗa shi, abin da biliyan taran nan ba ta bari ba.

Wutar lantarki ma haka labarin yake, sai dai a nan mita ce matsalar. Ƙwan da aka saba da shi mai wat 60 da na zamani mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. In ana kunna su awa shida kullum, na farko ya ci kusan yunit 11 a wata, na biyu bai kai 2 ba. A farashin naira 225 da aka ɗora wa masu samun wuta ta ajin farko a Afrilun 2024, bambancin ya haura naira dubu biyu a wata a kan ƙwai ɗaya tak. Amma wannan lissafi na mai mita ne. A 2024 fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin wuta a Nijeriya ba su da mita, kamfanin Yola kuma, wanda ke riƙe da Adamawa da Taraba da Barno da Yobe, yana cikin waɗanda suka fi ƙarancinta. Wanda ake kawo wa takardar kuɗi ta ƙiyasi, ko ya kashe fitila ko ya bar ta ta kwana ta wuni, kuɗin ɗaya ne, to don me zai sayi ƙwai mai tsada ko firiji mai tattali? Sai ya sayi tsohon firijin Turai mai zuƙar wuta kamar raƙumi a bakin rijiya. Gwamnati kuma ta ci gaba da cike giɓin farashin wutar da ake ɓarnatarwa. Kamfanin nan na Yola shi kansa ya sha juyi: an sayar a 2013, mai sayen ya mayar a 2015 saboda rikicin Boko Haram, aka sake miƙa shi ga wani a farkon 2022. Ga kuma layi ɗaya da ke kawo wuta daga Jos ta Gombe, wanda da ɓarayi suka kayar da turakunsa a Afrilun 2024, tsakiyar zafi, Yola da Jalingo suka yi makonni a duhu.

Mai karatu na iya cewa ai Gana ta raba ƙwai kyauta kuma ta ci riba. Gaskiya ne. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnatin Gana ta raba ƙwayaye miliyan 6 masu tattali, bukatar wuta a lokacin da aka fi sha ta ragu da megawat 124. Amma fa musaya aka yi, a karɓe tsohon a sa sabo, sa'an nan aka bi da dokar hana shigo da tsohon samfuri, aka kuma tilasta manna takardar shaida a jikin kaya. Saboda haka ranar da ƙwan kyauta ya mutu, dole mutum ya je kanti ya sayi irinsa, ɗan kasuwa ya samu ciniki mai ɗorewa. Indiya kuwa daga 2015 wani kamfanin gwamnati ta sa yana sayen ƙwayaye miliyoyi a lokaci guda, masana'antu na gasar rage farashi, har ƙwan da ake sarowa rufi 310 a 2014 ya koma 38 a 2016, jama'a kuma saye suka yi, wasu a biya ta cikin kuɗin wuta. A ƙasashen biyu, kuɗin gwamnati hanya ya share wa kasuwa ya koma gefe.

Kada wani ya ɗauka wannan yabon janye tallafi ne yadda aka yi shi a ranar 29 ga Mayu, 2023. An cire rufi da damina ba a tanadi ko zana ba. Makonni biyu bayan nan aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024, ga shi faifai da batir da inbata duk da dala ake sayo su. Wato a daidai lokacin da talaka ya fi bukatar mafita, a lokacin kuɗinta ya ninka. Gas ya yi tsada, kananzir ya zama na masu hali, gidaje suka koma kan gawayi da itace, dazuzzukan Adamawa suka shiga uku. Gwamnatin jihar ta hana sare itatuwa don yin gawayi, kuma tana da hujja, duk wanda ya ga buhunan da ake lodawa a bakin hanya ya san daji ba zai ɗauka ba. Amma hana gawayi ba tare da an sauko da kuɗin murhu mai tattali ko tukunyar gas ba, ƙarshensa buhu ya ƙara kuɗi ne kurum, tuwo kuwa sai an tuƙa.

Abin dariya, in da abin dariya a ciki, shi ne tallafin da ya fi isa Jimeta a 'yan shekarun nan daga wata gwamnati ya fito, ta ƙasar Sin. Ita ce ta yi shekaru tana ba masana'antunta fili da bashi mai sauƙi da wuta mai araha, har ta mallaki fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙera faifan sola a duniya, kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi kusan rabi a 2023. Wannan faɗuwa ce ta rage zafin faɗuwar naira. A cikin wata goma sha biyu zuwa Yunin 2025, Nijeriya ta shigo da faifan Sin na kimanin megawat 1,700, ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Ba kwamiti, ba bikin ƙaddamarwa, 'yan kasuwa ne da masu saye. Ana cikin haka, a watan Maris na 2025 ministan kimiyya na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin hana shigo da faifai don a kare masana'antun gida. Kishin gida abu ne mai kyau, amma masana'antar hukumar NASENI da ke Karshi da 'yan kamfanonin Ikko, duk in an haɗa abin da suke fitarwa bai kusa da abin da ake bukata ba, su ma kuma daga waje suke sayo ƙwayoyin da suke jerawa. Wanda ya tuna abin da rufe iyaka a 2019 ya yi wa farashin shinkafa ya san inda irin wannan hani zai kai mutumin Mbamoi.

Ba a ce ba a taɓa yin daidai ba. Hukumar Wutar Karkara ta gudanar da shiri da kuɗin Bankin Duniya inda ake biyan kamfani bayan an je an tabbatar ya sa na'ura a gida tana aiki, kuma a Disamban 2023 bankin ya amince da wani sabon bashin dala miliyan 750 don ci gaba da irin wannan. A 2024 kuma an cire harajin saye a kan gas da kayan girki masu tsabta. Wannan ita ce hanya. Sai dai kamfani riba yake bi, in ladan da za a ba shi a kan na'ura ɗaya ne ko a Ikorodu ya sa ta ko a Ganye, to a Ikorodu zai tsaya, ya ce Adamawa ta yi nisa kuma ba tsaro. 'Yan majalisar da ke wakiltar Adamawa a Abuja, da gwamnonin Arewa maso Gabas, a nan ya kamata su kafe. Hujjar da aka kafa asusun daidaita farashin mai a kanta a 1975, cewa nisa daga teku ba laifin mutum ba ne, tana nan daram. A ƙara lada gwargwadon nisa, a biya bayan an ga kaya a gidan mai saye, kuma a buɗe ƙofar ga dilolin Jimeta da Mubi da Numan waɗanda suka san unguwa suka san mai biyan bashi, kada ta tsaya ga manyan kamfanoni masu ofis a Ikoyi. Batir, wanda shi ne ya fi komai tsada a haɗin sola kuma shi ke fara mutuwa a zafin Yola, a sauke masa kuɗin kwastan. Hukumar kula da ingancin kaya kuma ta tsaya a tashar jiragen ruwa, inda kwantena ke shigowa da faifan da aka rubuta wa wat 300 alhali bai kai 200 ba, maimakon bin 'yan tireda a kasuwa. Gwamnatin jiha, da ta sayi sola ta raba a filin taro, gara ta ba ma'aikata da ƙungiyoyin manoman rani bashi su saya a kasuwa a riƙa cira a hankali, ta kuma sa kwalejin fasaha ta jiha da cibiyoyin koyon sana'a su yaye masu haɗawa da gyarawa.

Su kuma 'yan uwa mazauna Kurmi, akwai abin da ke hannunsu. Al'ada ce in mutum zai yi wa gida hidima ya shiga Alaba ya saya ya ɗora a motar dare, don ya ga ya fi araha da 'yan dubbai. Sau da yawa faifan ya isa da tsaga, ko batir ya kwanta bayan wata huɗu, wanda ya sayar yana Ikko, tsoho yana Yola, ba mai kai ƙara ba mai amsawa. In da dila a Jimeta mai shago tsayayye, wanda zai zo ya auna abin da gidan ke bukata, ya haɗa da hannunsa, ya rubuta takardar lamuni ta shekara, a kuma san gidan ubansa, to ƙarin da za a biya shi kuɗin gyaran gobe ne aka biya tun yau. Ƙungiyoyin 'yan Adamawa da ke taro duk wata a Agege da Fatakwal suna iya haɗa oda ɗaya ta gida ashirin ko talatin, su sa dilolin gida biyu ko uku su yi gasar farashi, su riƙe kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sai kayan sun yi wata shida suna aiki.